Haihuwa a cikin ruwa a hannun sajfam: tambayoyin matan Yamai da amsoshinsu

Tun da bidiyon mata masu haihuwa a cikin baho ya fara yawo a WhatsApp da TikTok, tambaya ba ta yankewa a wurin awon ciki: da gaske babu ciwo? Yaron ba ya shan ruwa? Mu ma nan Yamai za a iya yi mana? Mun tattara tambayoyin da aka fi yi, mun amsa su ɗaya bayan ɗaya. Matsayinmu a fili yake. Ruwan ɗumi yana rage azabar naƙuda ƙwarai, kuma muna so matanmu su samu wannan sauƙi. Amma abin da ke tsare ran uwa da ɗa, bayan ikon Allah, shi ne ƙwararriyar ungozomar asibiti, wato sajfam, da tsabtar ruwan, da hanyar kai mace babban asibiti cikin gaggawa idan abu ya rikice. In ɗaya cikin ukun nan ya ɓace, a haƙura da bahon.

Me ake nufi da haihuwa a cikin ruwa?

Abu biyu ne ake haɗawa. Na farko, mace ta zauna cikin ruwan ɗumi tana naƙuda, idan haihuwa ta matso ta fito ta haihu a waje. Na biyu, ta ci gaba da zama har jariri ya fito a ƙarƙashin ruwa, a ɗago shi nan take. Na farkon kusan duk masana sun yarda da shi. Na biyun ne ake ja-in-ja a kansa, kuma shi ke neman horo na musamman.

Wani likitan Faransa, Michel Odent, shi ya sa baho a matanite na garin Pithiviers a shekarun 1970, don mata su samu sassaucin ciwo. Wasunsu haihuwa ta zo musu suna ciki, daga nan abin ya samo asali a asibiti. A 1983 ya buga rahoto a mujallar likitoci ta Lancet. Yau a Ingila abu ne da aka saba, asibitocin haihuwa da yawa suna da bahonsu.

Me uwa ke ji idan ta shiga? Ciwon yana tafiya gaba ɗaya?

Ba ya tafiya. Duk wanda ya ce miki babu ciwo, bai faɗa miki gaskiya ba. Abin da ke faruwa shi ne, da zarar ruwa ya rufe cikin, nauyin da ke danne ƙugu da gadon baya sai ya ragu, domin ruwa ya ɗauke mafi yawansa. Macen da a kan gado ba ta iya juyawa sai an kama ta, a cikin baho tana durƙusawa, ta tsuguna, ta kifa ƙirji a bakin bahon, ta miƙe ƙafa, duk da kanta. Ɗumin yana sassauta naman baya da cinyoyi. Tsoro ya ragu, kuma wannan yana da amfani a jiki: sinadarin da jiki ke saki lokacin firgita yana daƙile aikin sinadarin da ke murɗa mahaifa, mai suna oksitosin. Idan hankali ya kwanta, naƙuda ta fi tafiya daidai.

Tsakanin murɗawa da murɗawa mata da yawa har gyangyaɗi suke yi. Idan bakin mahaifa ya kai santimita 8 zuwa 10, a nan ne wuya take, a ruwa ko a waje: jiki na rawa, zuciya na tashi, mace ta ce ba za ta iya ba, a fitar da ita. Sajfam ta san wannan lokaci, sau da yawa alamar haihuwa ta kusa ce. Sai yunƙuri ya zo da kansa, ba sai an ce mata ta yi nishi ba. Lokacin da kan jariri ke buɗe gaba, akwai raɗaɗi mai zafi, ruwa yana rage shi amma yana nan.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. An tarbiyyantar da mu a kan dauriya, mai haihuwar fari ta cije kada a ji muryarta. Ruwa yana ba mace sutura da natsuwa, to amma kada natsuwar ta zama ɓoye abin da kike ji. Jiri, ciwon kai mai tsanani, ganin duhu-duhu, ciwon ciki wanda ba ya saki ko kaɗan, duk ki faɗa nan take. Kunya ba ta da wuri a nan.

Maigida ya ce yaron zai shaƙi ruwa ya mutu. Me zan ce masa?

Tsoronsa a kan hanya yake, ga bayanin da za ki ba shi. Jariri wata tara yake cikin ruwan faya, ba ya numfashi da huhu, iskarsa ta cibiya take zuwa daga jinin uwa. Idan ya fito cikin ruwa mai ɗumin jikin uwarsa, cibiya tana ci gaba da bugawa, kuma abin da ke tayar da numfashin farko bai same shi ba tukuna: iska a fuska, sanyi a fata, da canjin nauyi. Ban da haka, a maƙogwaronsa akwai jijiyoyi da idan ruwa ya taɓa su, sai hanyar iska ta rufe, ya haɗiye maimakon ya shaƙa.

Wannan kariya tana aiki ne ga jariri mai lafiya kawai. Wanda ya wahala a ciki, iska ta yi masa ƙaranci, yana iya jan numfashi da ƙarfi tun yana ƙarƙashin ruwa, kuma an samu jariran da hakan ta faru da su. Shi ya sa ake sauraron bugun zuciyarsa a kai a kai, shi ya sa ake fitar da uwa da an ji wani abu ba daidai ba. Kuma dokoki uku ba a karya su: jariri ya fito gaba ɗaya a ƙarƙashin ruwa, ba rabi a ciki rabi a iska ba, a ɗago shi nan da nan, ba a bar shi yana iyo don a ɗauki hoto ba, fuskar da ta taɓa iska ba ta sake komawa cikin ruwa.

Me bincike ya nuna?

A 2018 ƙungiyar Cochrane, mai tattarawa da tace binciken lafiya, ta haɗa gwaje-gwaje 15 da suka ƙunshi mata 3,663. Ta gano zama cikin ruwa a farkon naƙuda yana rage buƙatar allurar kashe ciwo ta gadon baya, kuma ba a ga ƙarin illa ga uwa ko ɗa ba. A 2024 aka buga wani babban bincike na Birtaniya mai suna POOL, wanda ya duba bayanan mata sama da 87,000 da suka shiga baho tsakanin 2015 da 2022. Ga mata marasa matsala, haihuwa a cikin ruwan ba ta ƙara mummunan ƙari, wato yagewar gaba, ga uwa ba, ba ta ƙara rashin lafiyar jarirai ba. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka kuwa, a matsayarta ta 2016, ta yarda da zama cikin ruwa lokacin naƙuda daga mako 37 zuwa ƙarshen mako 41, amma ta ba da shawarar a fito a haihu a waje.

A lura da inda aka yi binciken nan: wuraren da ruwan pampo ke da tabbas, kowace mace tana da sajfam tata ita kaɗai, akwai hanyar kai ta ɗakin tiyata cikin gaggawa. Sakamakon yana binmu ne idan mun cika waɗannan sharuɗɗa.

Wace mace ce ba ta dace ta shiga ba?

Wadda ta dace ita ce mai ɗa ɗaya a ciki, kansa a ƙasa, ciki ya kai mako 37, naƙuda ta zo da kanta, karnen awonta ba shi da wata alamar haɗari, kuma tana iya shiga da fita daga bahon da ƙafarta. Saura duka a tsaya. Bakwaini, tagwaye, ɗan da ya zo a zaune ko a gicciye, zubar jini kafin haihuwa, tansiyon da ya kai 14/9, kumburin fuska da hannu, tarihin jijjiga ko farfaɗiya, ciwon suga da ake sha wa magani, tiyatar haihuwa a baya, faya da ta fashe fiye da awa 24, ruwan faya mai launin kore ko mai wari, naƙudar da aka tayar da ƙarin ruwa: babu ɗayansu da za a sa a baho a halin da muke ciki.

Abubuwa huɗu sun fi damunmu a nan ƙasar. Zazzaɓi, musamman na cizon sauro a damina da bayanta: mai zazzaɓi ba ta shiga ruwan ɗumi. Ƙarancin jini: ga mai ciki, awon jini ƙasa da 11 ƙaranci ne, ƙasa da 7 ya yi tsanani, kuma mai ƙarancin jini zuba kaɗan ke kayar da ita. Sikila. Sai yawan haihuwa: wadda ta haihu 5 ko fiye, ko wadda ta taɓa zubar da jini bayan haihuwa, mahaifarta tana iya ƙin tsukewa. Mai ciwon hanta ko sida kuma sai da shawarar likitan da ke bin ta. Wannan duk yana nufin macen da ba ta yi awo ba, ba a yi mata hoton ciki da gwajin jini ba, ba a maganar baho da ita.

Cikin fari fa?

Ana yi, in sharuɗɗan sun cika. Sai dai yarinya ƙarama da ƙugunta bai gama buɗewa ba, wurinta matanite mai ɗakin tiyata ne. Doguwar naƙuda da kan ɗa ya maƙale ita ke jawo yoyon fitsari, kuma ruwan ɗumi ba ya faɗaɗa ƙashi.

Ruwa nawa ake buƙata, wane iri, kuma wane zafi?

A nan ne Yamai ke da nata matsaloli, don haka za mu daɗe a kai.

Bahon haihuwa na roba da ake hurawa yana cin lita 450 zuwa 650. Da bidon lita 25, bido 18 zuwa 26 ke nan, ko tano uku na lita 200. Ruwan ya kai ƙirjin mace idan tana zaune, ya rufe ciki ruf. Robar wanki ko ƙaramin bahon wasan yara ba su isa ba: ruwan bai da zurfin da zai ɗauke nauyi, kuma kan jariri zai fito rabi a iska, wanda shi ne abin da ake gudu. A tuna kowace lita kilo ɗaya ce, daɓen ɗakin zai ɗauki fiye da rabin tan.

Ruwan ya zama wanda za ki iya sha. Ba na kogi ba, ba na rijiya buɗaɗɗiya ba, ba kuma na bidon ƴan ga-ruwa da ba a san inda aka ɗebo ko yaushe aka wanke bidon ba. Saboda yankewar pampo, musamman a bazara, gidaje da yawa suna ajiye ruwa a tano ko tankin saman ɗaki. Ruwa mai ɗumi da ya kwana a tsaye gidan ƙwayoyin cuta ne. Akwai wata mai suna lejiyonela da ke hayayyafa tsakanin digiri 25 da 45, tana kama huhun jariri. A 2014 hukumar lafiya ta Ingila ta hana amfani a gida da bahon da ake cikawa tun kwanaki kafin naƙuda ana ɗumama shi, bayan wani jariri ya kamu. A shekarar kuma wani jariri ya rasu da ita a jihar Texas ta Amurka, a 2016 wasu biyu suka kamu a Arizona. Saboda haka ana cika baho ne bayan naƙuda ta kankama, da sabon tiyo, a bar pampo ya zuba na minti 3 kafin a tara. Ruwan da ya yi awa 6 a zubar a sake. Ba a sa sabulu, turare, man shafawa, Dettol ko wani jiƙo na ganye.

Zafin kada ya wuce digiri 37.5, kuma lokacin fitowar jariri a riƙe shi tsakanin 36 da 37.5. Da ma'aunin zafi ake aunawa kowace awa, ba da gwiwar hannu ba, a auna jikin uwa ma. Dalili: jariri a ciki ya fi uwarsa zafi da rabin digiri zuwa digiri 1, kuma ta jikinta yake fitar da zafinsa. Idan ta yi zafi, zuciyarsa ta hau gudu, buƙatarsa ta iska ta ƙaru. A Afrilu da Mayu, da rana ke wuce digiri 40, ruwan tankin sama da la'asar yana iya fin ƙa'ida ba tare da an ɗora tukunya ba, sai an surka. A Disamba da Janairu kuwa matsalar akasin haka ce, ruwa yana hucewa da sauri, kuma ruwa mai sanyi yana iya sa jariri jan numfashi kafin a ɗago shi. Idan za a ƙara ruwan zafi, uwa ta fito ko ta koma can gefe, a zuba, a gauraya sosai, a auna. Abin ɗumama ruwa na lantarki da ake tsomawa ba ya kusantar bahon. Murhun gawayi ba ya shiga ɗakin.

Wane kaya ya kamata in gani a ɗakin?

Sabuwar ledar shimfiɗa ta cikin baho wadda ba a maimaitawa, ma'aunin zafi biyu, na'urar sauraron zuciyar jariri wadda ruwa ba ya ɓata ta, safar hannu mai kaiwa gwiwar hannu, madubi da tocila don ganin ƙasan ruwa ko da an ɗauke wuta, ƙaramin mataci, tawul busassu da yawa, shimfiɗar da ba ta santsi. A gefe kuma gado ko katifa a shirye, abin matse cibiya guda biyu a buɗe, jakar hura wa jariri iska, allurar oksitosin da aka ajiye a sanyi, da kayan ƙarin ruwa. Mutum biyu masu horo lokacin haihuwar, ɗaya ta uwa ɗaya ta ɗa. Ki tambaya kuma yadda za a ciro ki idan kika suma a ciki. Wurin da ba shi da amsa, bai shirya ba.

Yaushe zan shiga?

Idan naƙuda ta kankama, murɗawa na zuwa da ƙarfi kowane minti 3 zuwa 4, bakin mahaifa ya kai wajen santimita 5. Shiga da wuri yakan kwantar da naƙuda. In haka ta faru, ki fito ki zazzaga na rabin awa ko awa ɗaya. Ki riƙa shan ruwa, ɗumi yana jawo gumi ko ba ki ji ba. Ki fito ki yi fitsari duk bayan awa 2, domin cikakkiyar mafitsara tana tare wa kan ɗa hanya. Wadda aka yi wa allurar kashe ciwo mai sa barci ba ta shiga sai bayan awa 2, kuma sai ta wartsake.

Sajfam me take yi, tunda ba ta taɓa ni sosai?

Aikinta ya fi na haihuwar gado yawa, sai dai yawancinsa ido ne da kunne. Tana sauraron zuciyar jariri duk minti 15 zuwa 30, na tsawon minti ɗaya bayan murɗawa, idan an fara yunƙuri kuma duk minti 5. Bugun da ake so tsakanin 110 da 160 ne a minti. Tana auna tansiyo, tana duba bakin mahaifa duk awa 4, tana cika takardar bin naƙuda, tana kallon launin ruwan. Ba ta barinki ke kaɗai a cikin baho ko na minti ɗaya. Wannan sharaɗi shi ne ya fi wuya a matanite mai cunkoso, inda sajfam ɗaya ke kula da mata da yawa a dare guda.

Ya fitowar jaririn take kasancewa?

Kina yunƙuri idan jikinki ya nema. Sajfam tana kallo ta madubi. Idan kai ya fara fitowa za ta ce ki sassauta, ki riƙa fesar da iska, don ya fito a hankali kada ki ƙaru. Kai ya fito, ba ta ja, ba ta laluben cibiya a wuya, domin yawan taɓawa yana iya tayar masa da numfashi. Ƙugunki ya zauna a ƙarƙashin ruwa. Idan kika miƙe kan ya fito iska, shi ke nan, a tsaye ko a waje za a ƙarasa. Da murɗawa ta gaba kafaɗu su juya, jiki ya sulluɓo. Ita ko ke ku ɗago shi a hankali, fuska ta fara fitowa, a ɗora shi a ƙirjinki. In cibiya ta naɗe shi, a warware yayin ɗagowa. Ba a matse cibiya ko yanke ta a ƙarƙashin ruwa.

Jariran ruwa sukan yi jinkirin tsala kuka, don haka ana duba numfashi, ƙarfin jiki da bugun zuciya. Wanda bai yi numfashi ba bayan an goge shi an shafa bayansa, a yanke cibiya, a kai shi shimfiɗa, a fara hura masa iska cikin minti ɗaya na farko. Mai lafiya kuwa a jira minti 1 zuwa 3 kafin a matse cibiya. A kashe fanka, a goge kansa a sa masa hula, domin jiƙaƙƙen jariri yana yin sanyi ko a bazara. Maigida zai iya yi masa kiran salla a kunne yana ƙirjinki. A sa shi a nono cikin awa ta farko, dakashi abincinsa ne, kada a zubar. Fitowa ta ruwa ba wanka ba ce, wankan farko a jinkirta shi awa 24.

Me zai sa a ce in fito?

Bugun zuciyar ɗa ya sauka ko ya hau, ruwan faya ya fito kore, jini ya fi kima, zafin jikinki ya wuce 37.5 bai sauka ba, tansiyo ya hau, jiri, naƙuda ta tsaya, ruwa ya ƙazantu har ba a ganin ƙasa, ko kai ya fito kafaɗa ta maƙale. Wannan na ƙarshen ba ya jira: a tashi nan take, sau da yawa ɗaga ƙafa a tsallake bakin bahon ma yana sakin kafaɗar. Ku yi wannan yarjejeniya tun a wurin awo, cewa in ta ce fito, babu gardama daga gare ki ko daga masu rakiya.

An ce cibiya tana tsinkewa?

Gaskiya ne, wannan ita ce matsalar da ta fi yawa a ruwa fiye da waje. A binciken Birtaniya na 2024 ta faru ga kusan 1 cikin 100 a ruwa, a waje kuwa kusan 3 cikin 1,000. Sababin shi ne gajeriyar cibiya da saurin ɗago ɗa. Duk jinin jariri mai kilo 3 bai wuce mililita 250 zuwa 300 ba, kaɗan ya zuba ya yi yawa. Maganinta a matse ɓangaren jariri nan take, sannan likitan yara ya duba shi. Rigakafinta ɗagowa a hankali, in an ji cibiya ta ɗame uwa ta ɗan tashi ta bi ɗan.

Mabiyiya da jini fa?

Shawararmu a fito a haifi mabiyiya a waje. Zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan masu kashe mata a ƙasar nan, kuma a ruwa ba a iya auna shi. Mililita 500 shi ne iyakar da ake kira zubar jini, amma a cikin lita 600 na ruwa wa zai gane? Abin da ake dubawa launi ne: muddin ana ganin cinyoyin uwa ta cikin ruwan, da sauƙi, in ya yi duhu kamar zoɓo mai kauri har ba a ganinsu, a fitar da ita da gudu. A waje za a yi mata allurar oksitosin a cinya, a taimaki mabiyiya ta fito, a murza ciki a tabbatar mahaifa ta tsuke. Mabiyiyar da ta wuce minti 30 ba ta fito ba, sai likita. A duba ta cika kafin a ba dangi su binne. Idan akwai ƙari, ana jiran kamar awa ɗaya kafin ɗinki, don naman da ya jiƙa ya koma daidai, sai dai in yana zubar da jini.

In na yi bayan gida a ciki fa? Kuma tsirara zan shiga?

Kusan kowace mai haihuwa tana yi, kan ɗa ne ke matse hanji. Da mataci ake kwashewa, in gudawa ce a fito a sake ruwa. Ba sai kin tuɓe duka ba, kina iya sa ƴar riga ko ki ɗaura guntun zane a ƙirji, amma dogon zane yana naɗe ƙafa yana kuma rufe wa sajfam gani. Bayan an gama, ruwan a masai ake zuba shi, ba a titi ba. A jefar da ledar, a wanke bahon da sabulu, a jiƙa shi minti 10 da ruwan jabel: wanda aka rubuta wa ƙarfin digiri 12 a jikin kwalba awo 1 a ruwa awo 6, mai ƙarfin digiri 8 awo 1 a ruwa awo 4.

Zan iya sayen baho in yi a gida da ungozomar unguwa?

A'a. Ungozomar unguwa uwa ce mai daraja, ta karɓi haihuwa da yawa, amma ba ta da na'urar sauraron zuciya, ba ta da allurar tsayar da jini, ba ta da abin farfaɗo da jariri. Haihuwa a ruwa ba ta cikin ayyukan da aka saba a CSI, wato ƙananan asibitocin unguwa, da matanitocin gwamnati na Yamai, ɗakunan haihuwarmu da gado aka tsara su. Idan wani asibitin kuɗi ya ce yana yi, ki tambaya wa ya horar da sajfam ɗinsu, daga ina ruwansu yake, akwai ɗakin tiyata da jini a wurin, in babu kuma minti nawa ne zuwa babbar matanite ta Issaka Gazoby. A lissafa da gaske: mai zaune a Harobanda sai ta tsallake gada, mai zaune a gefen gari ga yashi, ga ruwan damina, ga neman mota da tsakar dare.

Akwai kuma abin da ƙasar nan ta samu wanda bai kamata a bari ba. Tun 2014 aka baza wa asibitoci shirin yaƙi da zubar jini, da ƙwayar mizoporostol, da robar da ake hurawa a cikin mahaifa, da rigar matse jiki, kuma rahoton da aka buga a 2023 ya nuna mace-macen zubar jini a asibitoci sun ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Wadda ta haihu a ɗakinta ta yi nisa da wannan taimako.

Inna ta ce ai mu ma muna da namu, wankan jego. Ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. Ruwan baho ɗumin jiki ne, na wankan jego kuwa tafasasshe ne ake fyaɗawa da ganyen dogon yaro ko tsamiya safe da yamma har kwana arba'in. Kulawar da ke cikin jego, hutu da abinci da hannun uwa, abu ne mai kyau da za a riƙe. Zafin ne da kanwa za a rage. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta wanka mai tsananin zafi, kwanciya a gadon wuta da yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Ki roƙi Inna cikin ladabi a surka ruwan har hannu ya iya zama a ciki, kada a fyaɗa a wurin ɗinki. Mai jegon da ke haki, ƙafa na kumbura, tari na hana ta kwanciya, asibiti za a kai ta ranar.

Babu baho inda zan haihu. Akwai abin da zan samu daga ciki?

Akwai da yawa. A farkon naƙuda, kina gida, ki zauna a kujera ƴar tsuguno, ƴar'uwarki ko mahaifiyarki ta riƙa kwarara miki ruwan ɗumi da moɗa a gadon baya duk lokacin murɗawa. Bokiti biyu sun isa. In faya ta fashe kada ki zauna a cikin ruwa, ki kama hanyar matanite. A can ki nemi izinin zagayawa da durƙusawa maimakon kwanciya rigingine, da mai rakiya ɗaya a kusa da ke, dukansu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsu a ƙa'idojinta na 2018. Ki tafi da fulas na ruwan ɗumi da tsabtataccen ƙyalle: dannawa a ƙugu yana rage ciwo, kuma idan sajfam ta ɗora ƙyalle mai ɗumi a gaba lokacin da kai ke fitowa, yana rage haɗarin mummunan ƙari. Kada a sha jiƙon gaggauta naƙuda. Jini, ciwon kai da gani dishi-dishi, zazzaɓi, ɗa ya daina motsi, ko naƙudar da ta kai awa 12 babu haihuwa, a bar bokitin a nemi mota, a tafi da karnen awo da wanda zai iya ba da jini.